Ranar da Na Sauka Neman Sunan Baba Inuwa

Kai, Allah ya shirye ku. Wai haƙa rijiya ba wani abu ba ne, rami ne kawai a yi ta tona har a ga ruwa. Haka ɗayanku ya faɗa ɗazu, na ji sarai, kunnena bai mutu ba tukuna. Wani kuma ya ƙara da cewa ai Baba Sale ma da furfurarsa yana shiga, balle mu. To ku gyara zama. Ni Sale na haura shekara arba'in ina shiga rijiya, daga ƙauyukan Minjibir har zuwa na Zakirai, kuma wallahi ban taɓa saka ƙafa a bakin rijiya ba tare da na ji tsoro ba. Duk wanda ya ce muku ba ya jin tsoro, ko dai maƙaryaci ne, ko kuma kwanansa ya kusa ƙarewa.

A hannun Baba Inuwa na koyi aikin. Shi ne helimanmu, wato shugaban leburorin da hukuma ke turawa ƙauyuka haƙa rijiyar kankare. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, ba ya dariya sai da dalili. Ranar da kawuna ya kai ni wurinsa, na zaci diga za a miƙo min. Ina! Igiya ya ɗora min a hannu, ya ce, "Riƙe." Shekara biyu cur ina riƙe da igiya, ban taɓa ganin cikin rijiya ba sai dai in leƙa. Na yi fushi, na yi gunaguni, har na taɓa ce masa ni ba jaki ba ne da za a ɗaure ni a igiya. Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Jaki ya fi ka, shi ba ya surutu."

Ashe a igiyar aikin yake. Na ciki in ya girgiza sau ɗaya, a sauko masa da guga. Sau biyu, a ja guga. Sau uku, a ja shi da kansa, kuma ba tambaya. Wannan ko yaron goye zai iya haddacewa. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne jin mutum a igiya ba tare da ya girgiza ba. Igiyar da ke ɗaure a ƙugun mai aiki tana motsi da shi. In ya ɗaga diga za ka ji, in ya sunkuya za ka ji, in ya tsaya yana haki ma za ka ji. Baba Inuwa yakan sa in rufe ido, ya ce in faɗa masa abin da na ciki yake yi. In na yi kuskure, ranƙwashi. Kaina ya sha ranƙwashi har ya saba.

Rijiyar farko da na shiga a wani ƙauye ce gabas da Minjibir, gaba goma sha huɗu. Kafin kowa ya sauka sai an zura fitilar ƙwai tana ci har ƙasa. In ta dawo da wutarta, a shiga. In ta mutu, akwai mugunyar iska, sai a sari rassan darbejiya a ɗaure su dami guda, a yi ta zurawa ana jawowa har iskar ta juya. Ran nan fitila ta dawo lafiya, aka ɗaura min igiya, na zauna a kan guntun katako aka fara sassauta ni. Ina kallon bakin rijiya yana ƙanƙancewa, daga faɗin ɗaki ya koma kamar faifai. Muryoyin mutane suka koma can nesa. A ƙasa ba inda za ka miƙe hannu, digarmu ma gajeriyar ƙota gare ta saboda ƙunci, ga dagi na fasa marmara, ga shebur da aka yanke wa ƙota. Guga cike da ƙasa yana hawa ta saman kanka, kai kuma ka manne da bango kana salati, domin tsakuwa ɗaya in ta faɗo daga can sama, ta ishe ka. Da na fito, Baba Inuwa ya dubi wandona, ya ce, "To, ba ka jiƙa shi ba. Ka fi ni."

Ƙasa kuwa hawa-hawa ce. Jar ƙasa tana da sauƙi. Marmara tana cin ƙarfi amma ba ta cin amana, inda ka sare ta nan za ta tsaya. Yumɓu yana riƙe ƙafa. Abokin gabarmu shi ne rairayin da ke kusa da ruwa. Shi ba ya gargaɗi da ƙara, sai dai ka ji wani siririn sauti, suuu, a bayan ƙawanya, wato zoben kankaren nan da muke jerawa don riƙe bango. In ka ji wannan sautin, ka bar diga, ka bar takalmi, ka girgiza sau uku.

Mutanen gari kuma nasu halin daban. Kowane mai unguwa so yake a haƙa a ƙofar gidansa. Mata su kawo mana fura da ɗumame, su kuma tsaya a kanmu suna tambayar yaushe za a ga ruwa, kamar mu muka ɓoye shi. In an gama, mu shafe bakin rijiya da siminti, Baba Inuwa ya rubuta shekara da ƙusa. Ba a shekara biyar sai wani mai neman ƙuri'a ya zo ya sake shafe bakin, ya rubuta nasa sunan da manyan baƙaƙe. Akwai rijiyar da na sani mutum huɗu suka haƙa ta a rubuce, ba kuwa wanda ya taɓa riƙe diga a cikinsu. Mu dai leburorin yini ne, ƙarshen wata mu dangwala yatsa a takarda a sallame mu, ba wanda ya taɓa tunanin wata rana za a tambaye mu shaidar cewa mun yi aikin.

Sai shekarar fari. Iyayenku sun san ta, ku tambaye su. Ruwa ya gudu ƙasa, rijiyoyi suka koma laka, mata na kwana a layi da tulu. Aka ce mu bi tsofaffin rijiyoyi muna ƙara musu zurfi. Muna gama wannan a ja mu waccan, ba hutu, ba ƙoshi. A haka muka isa Gidan Kuka, wani ɗan ƙauye a ƙasar Zakirai, rijiyarsu gaba ashirin da biyu, ita ce mafi zurfi da na taɓa shiga. Muna tare da wani abokin aikinmu, Tanko, dogo mai barkwanci, shi yake raba mana goro. Wata safiya Baba Inuwa ya tafi duba siminti, mata sun cika wurin suna roƙo, Tanko ya ce ai jiya ma lafiya muka fito, ba sai an tsaya zura fitila ba. Ni ne a igiya. Na ji shi ya sauka, na ji ya sunkuya ya ɗauki diga, sai na ji igiya ta yi nauyi irin na buhu. Na kira shi, shiru. Muka ja, ashe bai ɗaure ƙullin da kyau ba saboda sauri, igiya ta zo fayau ba kowa.

Na zunduma ihu na kama igiya zan bi shi. Daidai nan Baba Inuwa ya iso, ya shaƙo wuyan rigata ya maka ni da ƙasa, ya danne ni da gwiwa. Ina kuka ina zaginsa, yana cewa, "Mugunyar iska ba ta ƙoshi da mutum ɗaya. Na biyu take jira." Aka zura fitila, ko rabi ba ta kai ba ta mutu. Sai bayan azahar muka fito da gawar Tanko da ƙugiya.

Duk da haka sai da muka ƙarasa rijiyar, don mutane na mutuwa da ƙishi. Da muka zuba ƙawanyar ƙarshe, wadda za ta zauna a can ƙasa cikin ruwa, Baba Inuwa ya yi abin da bai taɓa yi ba. Tun simintin yana ɗanye ya ɗauki ƙusa ya yi rubutu a cikinta, da ɗan bokon da ya koya a ajin yaƙi da jahilci. Ya sa alamar hukuma, ya sa shekara, ya sa sunansa da lambarsa ta aiki. A ƙasa ya jero mu, Tanko a farko, ni a ƙarshe saboda ni ne ƙarami, kowa da lambarsa. Ya ce, "Nan dai ba mai saukowa ya shafe." Daga ranar na yi rantsuwa tsakanina da Allah ba zan ƙara shiga rijiyar Gidan Kuka ba.

Shekaru suka tafi. Burtsatse ta zo, aka daina neman mu kamar da. Baba Inuwa ya tsufa, idonsa ya fara hazo har ya rufe gaba ɗaya, aka sallame shi daga aiki. Ni na riƙa masa sanda muka je ofis neman fansho. Akawun da muka tarar yaron kirki ne, ya ba Baba kujerarsa, ya shiga ɗakin ajiya ya fi awa guda. Ya fito da ƙura har gira, ya ce tsofaffin takardun leburori ruwa ya zuba musu, gara ta ƙarasa sauran. Abin da ya rage shi ne rajistar da aka sake daga baya, ita kuma ta nuna Baba 'yan shekaru kaɗan ya yi, ba su kai adadin da doka ta ce a ba mutum fansho ba.

Baba ya ce, "Ɗana, tun kafin a haife ka nake cikin rami."

Akawun ya ce, "Wallahi Baba na yarda. Amma doka ba ta san abin da na yarda da shi ba, takarda ta sani."

A hanyar dawowa na tuna tawa takardar ma tana cikin waɗanda garar ta ci. Sai dai ni a lokacin da sauran ƙarfina, ina yasar rijiyoyin gidaje ina samun na cefane. Shi kuwa makaho ne, gonarsa ba ta fi a ɗaure akuya ba, ga matarsa tsohuwa ba lafiya. Na taɓa zuwa gaishe shi da la'asar na tarar ba a hura wuta a gidan ba tun safe. Mutumin da ya shayar da ƙauyuka ke nan.

'Yarsa Hadiza, malamar firamare, ita ta ƙi haƙura. Ta yi ta rubuta takarda har ɗan majalisar yankinmu ya ɗauki maganar. Aka ce hanya ɗaya ce tak: tunda dokar fansho ta kowa da kowa ba ta hau kansa ba, sai majalisar jiha ta yi wata doka ta musamman, da sunan Inuwa shi kaɗai, ta ce a ba shi haƙƙinsa kamar wanda ya cika shekaru. Ni ban taɓa jin ana yi wa talaka ɗaya doka ba, na ɗauka zancen siyasa ne. Sai ga mota har ƙofar gidan Baba, da wata mata mai tabarau, Hajiya Rabi, sakatariyar kwamitin da aka ba binciken. Mace ce mai magana ɗaya. Ta saurari dattawa fiye da goma suna rantsuwa kan shekarun da Baba ya yi yana aiki, sannan ta ce, "Baba, na ji. Amma in aka yi doka da shaidar baki, gobe mutum dubu za su zo da nasu dattawan. Ina son abu guda da zan ajiye a gaban kwamiti, wanda ba bakin mutum ba, mai shekara da lamba. Kuma jibi muke miƙa rahoto, daga nan majalisar nan ta gama wa'adinta. Wadda za ta zo ban san ko za ta waiwaye ku ba."

Sai Baba Inuwa ya juyo da fuskarsa daidai inda nake zaune, kamar yana gani. Ni kuwa na san abin da yake nufi. Na ce a raina, Sale, yi shiru, ba wanda ya sani sai kai da shi. Na yi shirun kuwa, har Hajiya ta fara tattara takardunta. Sannan na ji bakina yana cewa, "Hajiya, akwai rubutu a Gidan Kuka."

Muka shirya washegari. Rijiyar an daɗe da barin ta tunda aka yi musu burtsatse, kuma rubutun yana ƙarƙashin ruwa. Na aika wa mai unguwar garin cewa kada kowa ya taɓa ta, ni zan zo da guga biyu da majiya ƙarfi mu kwashe ruwan sannu a hankali. Ƙarshen bazara ne, zafi kamar a gasa gurasa, hadari na haɗuwa a gabas. Muka iso da hantsi, ni da Hajiya a mota, Hadiza ta biyo mu da Baba a kan babur ɗin haya. Tun daga nesa na ji ƙarar inji.

Mai unguwa ya taro mu yana washe baki. "Sannunku da zuwa! Malam Sale, mun rage muku aiki. Tun asuba yara suka kawo injin ban ruwa daga fadama. Daga sama ya ƙi ja, zurfin ya yi masa yawa, sai muka ɗaure shi da igiya muka zura shi ciki. Ka ga ruwan har ya kusa ƙarewa."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Garin neman gira za a rasa ido. Na daka musu tsawa su kashe shi su fito da shi, har mai unguwa ya ji haushi, ya ce daga taimako sai faɗa. Ban kula shi ba. Awa huɗu inji yana zuba hayaƙi a cikin rami gaba ashirin da biyu. Kuma ba shi ke nan ba. Na kwanta a bakin rijiyar na kasa kunne, sai na ji shi, siriri, suuu. An zuƙe ruwan da gaggawa, rairayi ya taso yana bin bayan ƙawanya. Na ce wa Baba, "Tana gudu." Ya ce, "Na ji tun daga nan." Ya ce in an yi sa'a rijiyar ta kai yamma ba ta rufta ba, in ruwan sama ya sauka kuwa, sai dai labari.

Muka zura fitila. Ta je har ƙasa ta dawo tana ci ras. Matasan garin suka yi sowa, wai lafiya lau. Baba ya ce, "Ku rufe mana baki. Fitila ta san iskar rijiya, ba ta san hayaƙin inji ba. A kawo kaza." Aka kawo kaza aka sa a kwando aka zura, muka ƙirga ɗari uku, aka jawo. Ta zo wuyanta a langaɓe, ido a lumshe, ba ta ƙara tashi ba. Hajiya Rabi ta cire tabarau ta ce, "Malam Sale, a bar shi. Ba zan ɗauki ran mutum in kai wa kwamiti ba." Baba ma ya ce, "A bar shi, Sale. Allah bai nufa ba." Na dubi Hadiza, ta juya baya tana share ido da bakin mayafi.

Na ce a saro darbejiya. Muka ɗaure dami uku, muka yi ta zurawa muna ja, hannu na karɓar hannu, har aka yi azahar aka idar. Aka zura kaza ta biyu. Ta dawo da rai, amma da aka sauke ta sai ta yi taku uku tana tangaɗi ta zauna. Iska ta fara kaɗawa daga gabas, ana jin ƙamshin ruwa. Ba sauran lokacin kaza ta uku. Na yi alwala, na yi raka'a biyu. Ba jarumta ba ce, kada ku ɗauka haka. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba.

Hajiya ta kunna bidiyo a wayarta da fitilar wayar, ta rataya min a wuya, ta ce ba sai na danna komai ba, in dai haska rubutun in ƙirga goma. Na ɗaura igiya da hannuna, ƙulli biyu. Majiya ƙarfi shida suka kama. Sai Baba Inuwa ya ce a kai shi bakin rijiya. Ya zauna dirshan a ƙasa, ya ɗora tafin hannunsa a kan igiyar, a gaban kowa. Ya ce, "Ku ƙarfi ne naku. Ji nawa ne. Abin da na ce, shi za ku yi." Ya ce da ni, "Suna ɗaya, Sale. Ka haska ka girgiza."

Na sauka ina karanta Ayatul Kursiyyu, na kai ƙarshe na koma farko. Warin fetur ya tare ni tun a rabi. Bangon ya yi gansakuka, sanyi na ratsa ni ga kuma gumi. Na wuce daidai inda fitila ta mutu ranar Tanko, na rufe ido. Da ƙafata ta taɓa ƙasa na nutse a laka har gwiwa. Sautin rairayin nan kuwa a nan ba siriri ba ne, ta ko'ina yake, har ina jin lakar tana motsi a ƙarƙashina. Kaina ya fara sarawa, dum, dum, kamar ana daka a ciki. Na laluba ƙawanyar ƙarshe, na zaro cokalin gini na hau kankare gansakuka. Gefen farko ba komai. Na juya, na kankare, ba komai. Na ce shi ke nan, ruwa ya cinye. A gefe na uku bakin cokali ya faɗa cikin wani zane. Na goge da tafin hannu. Ga alamar hukuma, ga shekara, ga INUWA HELIMA da karkatattun baƙaƙensa, ga lamba, kamar jiya aka rubuta. Na riƙe wayar da hannu biyu, na ƙirga goma.

A nan ya kamata in girgiza. To ku ji abin da ɗan Adam yake. Ina kallon rubutun sai zuciyata ta ce, Sale, naka fa yana nan ƙasa, kamu ɗaya ne cikin laka. Kai ma tsufa na zuwa. In an yi wa mutum ɗaya doka, me zai hana a yi wa na biyu? Na durƙusa. Na saki cokali na hau yaɓe laka da hannu biyu. Sunan Tanko ya fito. Na ci gaba, na biyu ya fito. Ina kwashewa laka na dawowa. Sai na ji ciwon kan ya tafi. Jikina ya yi daɗi, wani barci mai sanyi ya taso min, na ji ba abin da ya fi in jingina da bango in ɗan huta. Tsoron nan duk ya bar ni, ko ɗigo babu. Ku riƙe wannan ko da kun manta sauran: in tsoro ya bar ku a cikin rijiya, mutuwa ce ta iso.

Ban girgiza ba. Sai kawai na ji an fizge ni ta ƙugu, laka ta cire min takalmi. Na tuna ina miƙa hannu wajen ƙawanyar ina jin haushi, wai an katse min aiki. Daga nan ban san komai ba, sai farkawa na yi a gadon asibiti ina amai, da roba a hanci.

Hadiza ce ta ba ni labarin abin da ya faru a sama. Ta ce Baba yana zaune shiru, hannu a igiya, sai ya ce, "Ya samu." Can kuma fuskarsa ta canza, ya ce, "Ku ja." Mai unguwa ya ce ai bai girgiza ba tukuna. Baba ya kurma ihu, "Ku ja, na ce!" har muryarsa ta fashe. Ta ce Hajiya Rabi da kanta ta yar da jaka ta kama igiya. Ba su kai ni mota ba aka tsuge da ruwa, kafin magariba ƙasan rijiyar ya rufta. Daga baya aka cike ta da ƙasa.

Hajiya ta kai bidiyon gaban kwamiti, dokar ta fito. Aka karanta ta a majalisa, aka amince, aka sa hannu. Takarda ce shafi ɗaya da rabi, sunan Baba a sama. Ranar da aka kawo, ya sa Hadiza ta karanta masa, ya ce ta maimaita wurin sunan, ta maimaita. Maƙwabta suka yi ta shigowa barka. Ni ina gefe a kan tabarma, ina murna, amma ba zan yi muku ƙarya ba, hankalina yana kan nawa sunan da na baro a ƙasa. Da mutane suka watse ya ce, "Sale, matso."

Na matsa. Ya lalubo hannuna ya riƙe.

"Na ce maka suna ɗaya. Na ji ka durƙusa kana tonon na biyu."

Na ce, "Nawa nake nema, Baba. Saura kaɗan."

"Na sani. Ni na rubuta shi, na san inda yake. Ba kaɗan ba ne, sunaye uku ne tsakaninka da shi, kuma hannunka ya riga ya mutu, ina ji a igiya. Na ba rijiyar nan Tanko. Ba zan ƙara mata da kai ba, ko doka goma za a yi maka. Ni na hana ka fanshonka, Sale. Ka yafe min."

Na ce na yafe. Amma sai da na yi kusan shekara ina jin zafin abin, ina cewa da ya bar ni ƙiftawa goma. Shekara uku ya ci haƙƙinsa, wuta ba ta ƙara mutuwa a gidansa ba, sannan Allah ya karɓi abinsa. Ni na saka shi a kabari.

Shi ya sa kuke ganina da furfura ina shiga rijiya. Ba sauƙinta ne ya sa ba, ba ni da wata takarda ne sai wadda ke ƙarƙashin ƙasa a Gidan Kuka. Gwiwata tana ƙara, numfashina bai koma daidai ba tun ranar. Amma ba zurfi ne yake ba ni tsoro yanzu ba, ba kuma rairayi ba. Duk sanda zan sauka sai na dubi hannun da ke kan igiyata, in ga hannun mai ƙarfi ne, mai kirki, wanda zai tsaya yana jira sai na girgiza.